Ɗari, kokowar yara da mu iyaye a bakin fili

Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da ake kokowar Takobi ta ƙasa, yaranmu ba sa zama. Wanda ya saurara a rediyo, wanda ya kalla a waya, da an taso daga lakkwal sai fili. Kowa shi ne Isaka Isaka na Doso. Wannan gasa tun 1975 aka fara ta a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko.

To, su yara suna kokowa, jiki ya yi ɗumi. Mu iyaye da ke tsaye a bakin fili mu ne jaura ke ci. Rairayin ƙasar Gure ba ya riƙe zafi: da rana ta faɗi, sama garau, iska busasshiya, nan da nan ƙafa ta ƙage, leɓe ya tsage. A Kanada iyaye kan zauna da bargo a bakin filin ƙanƙara, yaransu na wasan hoki. Namu ba ƙanƙara, amma ƙura ta rama mana.

Wasunmu sun ce a hana yaran fita har sanyi ya wuce. Mu dai ba mu ga haka ba. Yaron da aka hana, ta bayan danga zai bi, kuma ba riga a hannu. Gara mu je tare, mu yi shiri.

Ga abin da ke taimakonmu. Riga biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. Rawani ko mayafi ya rufe kunne da hanci. Tabarma a ƙasa, shayi a buta, man kaɗanya a ƙafa da leɓe. Babban haɗarin yana bayan wasa: yaro ya yi zufa, ya tsaya tsirara cikin iska. Da an tashi, a goge shi, a sa masa riga, kuma a watse kafin magariba.

Iyaye mata, a kula da na goye. In ƙaramin yaro na tari, numfashi na sauri, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, a kai shi likita ranar, kada a jira gobe. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki rufe: iskarsa na kisa ba wari, ga gobara a wannan busasshen lokaci.

Mu raba aikin tsakaninmu: yau gidan wane ya kawo shayi, gobe wani ya tsaya har yaro na ƙarshe ya sa riga. Allah Ya raya mana su, Ya sa mu ga bayan ɗari lafiya.