Daga New Bell Zuwa Gadar Dibamba: Yini Guda Da Mai Fatsa

Duk wanda ya tashi a New Bell ya san kifi a kan gawayi. Ya san shi da yaji da albasa da miyondo, ya san wace mai gashi ce ba ta ƙona wa mutum kifinsa. Amma mafi yawan abin da muke ci ɗin nan makero ne na cikin ƙanƙara, wanda jirgi ya kawo daga wata ƙasa. Kifin kogi kuwa, wato tarwaɗa da karfasa da ’yan’uwansu, da wuya ka sami yaronmu na unguwa wanda ya taɓa ganin yadda ake fito da su daga ruwa. Ni ma ban fi su ba, sai a watan Oktoba na 2023 da na bi wani dattijo maƙwabcin kawuna zuwa su.

Wannan dattijo mutumin Garwa ne. Ya yi su a kogin Binuwai tun kafin a datse shi a Lagdo a 1982, daga baya neman abinci ya gangaro da shi Duwala, ya zama mai gadin shago. Yanzu ƙarfi ya ja baya, amma ranar Lahadi ba ya zama a gida. Da na ce zan bi shi, sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To, ɗana, ka sa takalmin da ba ka so."

Muna idar da sallar asuba muka hau bensikin, muka bi babban titin da ke fita Yawunde. Ni a zatona kai tsaye za mu yi bakin ruwa. Ashe a Village za mu sauka. Mai karatu da ba ya zaune a Duwala kada sunan ya ruɗe shi, domin kuwa wannan "ƙauye" unguwa ce maƙil da jama'a, ga manyan motoci, ga ’yan tireda, ga hayaƙi. Sai dai in ka bar kwalta ka gangara lungu, ka bi ta kan katakan da aka shimfiɗa a kan laka, za ka gane cewa fadama aka cike aka yi gidajen. A bayan gida na ƙarshe, gindin wata ayaba, nan Baba ya durƙusa da ’yar fartanyarsa ya fara tonon tana.

A nan na fara karatu. Tana ta fatarta take numfashi, saboda haka in ta bushe ta mutu. Gwangwanin madara ya zuba wa danyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ya huda murfin da ƙusa, ya ce kada in bari rana ta taɓa shi, kada kuma in cika shi da ruwa. Na nuna masa wata kwata kusa da mu inda tana ta yi yawa, na ce ga sauƙi. Ya girgiza kai. Ya ce, "Ruwan masai ne ke bi ta nan. Hannun da zai sa ƙoto shi ne zai kai goro baki." Wanda ya ga annobar kwalara da ta auka wa Duwala a 2004 ba zai ce tsohon nan tsirfa yake yi ba. Abin da ya dame ni shi ne na ga yara uku tsugune a cikin kwatar nan, ƙafa ba takalmi, suna tara tana domin sayar wa masu fatsa.

Baba ya ce da can a wurin nan mutum ba ya minti goma bai cika gwangwani ba, ga gyare a ƙarƙashin kowane gungume, ga fara a ciyawa. Ran nan sai da muka yi fiye da sa'a guda. Inda ya saba tono bara, bana an kafa harsashin gini. Haka labarin yake a gefen filin jirgin sama, a dajin da ake kira Bois des Singes, inda gidaje suka ci itatuwan matanda, aka kuma shekara da shekaru motocin kwasar masai suna juye kayansu.

Daga Village muka sake hawa, muka wuce Yassa, muka bar hanyar filin ƙwallo na Japoma a hannun hagu, muka sauka kafin gadar Dibamba. Nan ma akwai abin lura. Dibamba da Wuri duk a teku suke ƙarewa, kuma sau biyu a yini teku kan turo ruwansa ya hau kogi, sa'an nan ya janye. Tana ba ta jure gishiri, nan da nan sai ta yi fari ta saki jiki. Don haka masu su a ƙasa, wajen Youpwe, jatan lande suka fi sa wa ƙugiya. Mu kuwa muka bi ta cikin gonaki zuwa wani ƙaramin rafi mai ruwan daɗi. Ruwan sama na Duwala ya fi na Kano nesa ba kusa ba, shi ya sa a ƙarshen damina irin waɗannan rafuka cike suke.

Tun da an ambaci jatan lande, bari in ɗan yi ratse. Turawan Fotugal da suka shigo bakin Wuri a 1472 sun tarar da su jingim, suka sa wa kogin suna Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande, daga nan sunan Kamaru ya fito. Irin da Duwalawa ke kira mbeatoe a rami suke zama cikin laka, sai bayan shekara uku zuwa biyar su fito gaba ɗaya. Ƙasa guda sukutum da sunan ɗan ƙwaron laka take amsawa.

A bakin rafi Baba ya nuna mini cewa kowane kifi da abin da ke jansa. Tarwaɗa ba da ido take farauta ba, da gashin bakinta take shinshina a ƙasan ruwa, don haka tana ake jefa mata da ɗan dalma, kuma ta fi ci da magariba. Gyare da fara a saman ruwa ake barinsu suna shure-shure. Babban kifi mai cin ’yan’uwansa kuwa sai ƙaramin kifi mai rai, a soke shi a gadon baya ba tare da an taɓa ƙashi ba, domin ya ci gaba da iyo. Ba zan ɓoye ba, da na ga wannan sai da na kau da kai.

Can da hantsi wani saurayi ya zo ya zauna kusa da mu da gorar roba cike da ’yan kwaɗi. Yana soke su a leɓe yana jefawa cikin ciyawar ruwa, kafin azahar ya fito da tufi biyu manya, kifin nan mai kai kamar na maciji wanda ’yan kasuwa ke kira vipère. Mu a lokacin ’yan karfasa huɗu ne a bokitinmu. Saurayin ya ji tausayinmu, ya miƙo gorar ya ce da Faransanci Baba ya ɗiba. Baba ya yi godiya ya mayar masa.

Na ce, "Baba, ai ga abin da kifi ke so."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Na fi shi sanin haka. Amma malamina a Garwa ya hana ni, tun ban fi tsawon sandar nan ba."

Da na dawo na tambayi wani limami a unguwa. Ya ce lalle akwai hadisi a littafin Abu Dawuda, cewa wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo a cikin haɗinsa, aka hana shi kashe shi. Ya ƙara da cewa malamai sun saɓa game da cin namansa, Malikiyya sun sassauta a kan abin da ke rayuwa a ruwa. Wannan fagen malamai ne, na bar musu. Ni dai a nawa ganin Baba ya fi gaskiya, ko don sauro. Kwaɗo ƙwari yake ci dare da rana, kuma duk mai ɗa a Village ya san kuɗin maganin zazzaɓi. A ƙasar nan tamu ce ake samun kwaɗon da ya fi kowane girma a duniya, a kogunan Mungo da Sanaga, wanda kan kai kilo 3, shi ma farauta ta sa ya shiga jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

Sai da rana ta yi ja sa'an nan tarwaɗa ta fara taɓa ƙugiya. Baba ya fito da biyar, ni na fito da ɗaya, ita ma ta soke ni a yatsa da ƙayar gefenta, hannun ya kwana yana zogi. Mun iso New Bell bayan isha'i, laka har gwiwa. Uku ya sayar wa mai gashi a bakin layi, sauran ya aika cikin gida. Tanar da ta rage a gwangwani bai zubar a kwata ba. Ya zaga bayan ɗakinsa, inda ya ajiye wani tsohon baho cike da ƙasa da ɓawon ayaba, ya juye su a ciki ya rufe da buhu. Ya ce shekara biyu ke nan yana kiwonsu, saboda ranar da za mu je Village mu tarar an gina gindin ayabar nan.