Ranar da Kawu Ya Ce In Kashe Jar Fitilar Katafilarsa

Kun saba gani na da zancen waya, amma yau na kauce kaɗan. Ka daure ka karanta, ko da janareta kawai gare ka a gida.

Kawuna ya sayar da filinsa ya sayi motar haƙa 'yar Beljiyam, Komatsu PC200, irin wadda duk muke kira katafila. Mako biyu da fara aiki sai ta fara kawo jar fitilar baƙin mai tana ƙara. Da safe lafiya lau, amma in ta yi kamar awa ɗaya ta ɗau zafi, direba ya sauke ta silo, sai fitilar ta kama. Direban ya ce sansa ce ta lalace, a yanke wayar a huta.

Kawu ya kira ni ina shago. "Kai da kake gyaran waya, zo da mitarka ka kashe mana wannan ƙarar, gobe akwai aiki."

Gaskiya da niyyar yankewa na tafi. Ka san halinmu, layi ya ba da matsala sai mu yi masa jamfa mu wuce. Amma na ce bari dai in auna tukuna. Irin wannan sansa mai waya ɗaya makunni ce kawai: in babu ƙarfin mai tana haɗa wayar da jikin inji sai fitila ta kama, in mai ya taso da ƙarfi sai ta buɗe. Shi ya sa in wayar ta goge tana taɓa ƙarfe, fitila za ta kama alhali inji ƙalau yake. Na cire wayar na bi ta da mita, ba ta taɓa ko'ina. Na auna sansar inji a kashe, a haɗe take. Aka tayar da sanyi, ta buɗe. Ke nan aikinta take yi.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan yanke ba. Fitilar nan gaskiya take faɗa." Ransa ya ɓaci sosai, don an riga an ba shi kafin alƙalami. Har ya ce da ya sani da bai kira ni ba.

Washegari muka ɗauko wani dattijon bakanike. Ga abin da na gani ya yi, ka riƙe shi bi da bi.

Da farko ya sa aka ajiye motar a wuri mai daidai, aka kashe, ya jira man ya sauka, sannan ya zaro sandar awon mai. Man bai ragu ba, ya ma wuce layin sama. Ya murza shi a yatsa ya shinshina, ya miƙo min. Warin gas, kuma ya tsinke kamar ruwa. Ya ce inji ba ya haihuwar mai, in ka ga ya ƙaru to wani abu ke shiga. In gas ne zai tsinke, in ruwan lagireto ne zai koma kamar madara.

Na biyu, ya kwance sansar ya ɗaura gejin allura a gurbinta. Da sanyi allurar ta tashi da kyau. Da injin ya yi zafi a silo sai ta faɗo kusa da ƙasa. Man da ya tsinke ba ya riƙe ƙarfi, kuma zafi na ƙara tsinka shi.

Na uku, ya yanka filtar mai ya baje takardar ciki a rana yana neman ɓurɓushin ƙarfe. A nan kowa ya yi tsit, don in an gani to metal ya fara ci, sai an sauke inji. Babu komai. Ya ce da man lafiya yake, da sai ya duba rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, da bawul ɗin rage ƙarfi, da famfon kansa.

Ashe nozul ne ke zubar da gas, yana gangarawa cikin mai. Aka gyara, aka zuba sabon 15W-40, aka sa sabuwar filta. Fitila ba ta sake kamawa ba. Kwana 3 Kawu ya rasa na aiki, amma da na yanke wayar nan, injin ne zai buga, kuɗin fili ya bi ruwa.

Don haka ɗan uwa, in jar fitilar mai ta kama, ka kashe injin nan take. Duba man, shinshina shi, auna wayar, sannan ka nemo mai geji. Kuma in za ka sayi 'yar hannu, kar ka yarda da gwajin sanyi, ka bari ta yi zafi sosai ka ga abin da za ta yi a silo.

Kawu bai ce min na gode ba har yau, amma jiya ya aiko direban da wayarsa, wai ba ta caji.