Tekunmu Na Matan Fada

Tun ranar da Ummi ta ga bakin teku a talabijin, yara na wasa da rairayi, ta hana ni sakat: "Abba, yaushe za ka kai mu teku?" Ni kuwa albashina ko Legas ba zai kai mu ba, balle ya dawo da mu. Da hutun makaranta ya zo sai na ce su shirya, muka hau mota daga Birnin Kebbi, cikin kamar awa guda sai ga mu a Argungu.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa yarana ba. Kakana masunci ne, da gora da homa ya ciyar da gidansa. Ni da na shiga boko sai na riƙa ɓoye asalin nan, domin a makarantar kwana an sha tsokanata wai ina ƙarnin kifi. Har na yi furfura ban iya iyo ba.

Mun fara leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, sannan muka gangara Matan Fada. Wanda ya san wurin ranar gasar kamun kifi, lokacin da ake harba bindiga dubban masunta su ruga ruwa, zai yi mamakin shirun da muka tarar. Bikin nan ya samo asali ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu don ƙarfafa zumunci bayan tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Amma ranar nan ba kiɗa, ba baƙi, sai ruwa da fadamar shinkafa da balbelu.

Ummi ta dubi ruwan ta ce, "Abba, wannan ai ba teku ba ne." Wallahi sai na ji kamar in nutse. Can sai wani dattijo mai kwalekwale ya ce, "Malam, kawo ɗiyar mu zagaya da ita." Na yi turus, ya kuwa gane tsoro nake ji. Ya ce, "Kai ba Bakabe ba ne?"

Ban san lokacin da na ce, "Baba, kakana ma masunci ne" ba. Karo na farko ke nan da na furta haka gaban yarana. Ummi ta zaro ido: "Ashe mu ma masu ruwa ne?"

Muka shiga jirgin, ina riƙe da gefensa gam ina ta salati, ita kuwa tana wasa da ruwa tana yi mini dariya. A hanyar dawowa ba ta ƙara zancen teku ba, tambayata kawai take sunan kakana da irin kifin da yake kamawa. Ga mamakina, rabin amsoshin na manta su.