Dare Ɗaya A Bencin Mai Tsire A Kafanchan

A cikin hunturun da ya wuce na yi tafiya zuwa Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, domin in gai da wani tsohon abokina wanda muka yi makarantar horon malamai tare, yau shekara 40 da ɗoriya. Shi mutumin Bajju ne, watau waɗanda a da aka fi sani da Kaje, kuma Kirista ne, ni kuwa Musulmi ne Bazazzagi. Motarmu ta bi ta Kachiya da Zonkwa, muka isa da la'asar sakaliya. Bayan na yi sallar isha'i a ɗakin da ya sauke ni, sai ya leƙo ya ce, "Malam, yau kam ba a gida za mu ci ba. Sa takalmanka mu fita, gama garin nan da dare ake saninsa."

Kafin in kai masu karatu inda ya kai ni, ya kamata mu san irin garin da muke magana a kansa. Asalin wurin ƙasar mutanen Fantswam ce, amma jirgin ƙasa ne ya mai da shi alƙarya. A 1927 hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal, ta biyo ta Inugu da Makurɗi, ta sadu da ta Kaduna, kuma a nan Kafanchan aka fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Daga wannan reshe ne aka ja hanyar da ta isa Maiduguri a 1964. A 1933 kuma aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikin garin. Ta haka ma'aikatan reluwe Ibo da Yarabawa, da fatake Hausawa, suka zo suka cakuɗa da Bajju da Kataf da Kagoro da Jaba da Kaninkon, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Da yawa daga cikin baƙin nan gwagware ne, ko kuwa sun baro iyali a gida. Wanda ba shi da mai dafa masa kuwa, tilas ya ci a waje. Fasinjan da ke jiran canjin jirgi cikin dare shi ma haka. Wannan shi ne mafarin al'adar cin abincin dare a bakin titi a Kafanchan.

Wurin da abokina ya kai ni ba shi da allo, ba shi da suna. Benci uku ne da dogon tebur ƙarƙashin rumfar kwano, ba nisa da tashar jirgi. A gefe ɗaya mai tsire ya jera tsinkunansa kewaye da wuta, da balangu a kan waya. A ɗaya gefen mai shayi yana fasa ƙwai. Can baya kuma wata mata ce da tukunyar farfesun kayan ciki da gasasshiyar doya. Ba wanda ya nuna mana wurin zama, sai dai mutane suka muskuta muka shiga tsakani. A damana wani direban babbar mota ne Ibo, a hagun abokina wata ma'aikaciyar asibiti ce da ta taso daga aiki, gabanmu kuma 'yan acaɓa biyu da wasu ɗalibai.

Aka kawo tsire a takarda da albasa da kabeji, aka ajiye a tsakiya, kowa ya sa hannu. Da ya ƙare aka ƙaro balangu kaɗan, sa'an nan farfesu, sa'an nan shayi. Yajin ya ji citta ƙwarai, ba kuwa abin mamaki ba ne, don wannan yanki shi ne gidan citta a Nijeriya. Mai tsiren ya yi mini kukan irin tsadar da ta yi bayan cutar da ta faɗa wa gonakin Kachiya da Jaba a 2023, amma ya ce ya gwammace ya rage riba da ya rage yaji.

Ina zaune a nan sai na tuna wani dare a birnin Tokyo na ƙasar Japan, inda aka taɓa aike ni kwas. Mutanen can suna da wani irin gidan abinci da suke kira izakaya, ma'anarsa shagon giya wanda ake zama a ciki. Asalinsa tun zamanin da suke kira Edo ne, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da masu sayar da giyar shinkafa suka fara barin masu saye su zauna su sha a shago, har suka shiga dafa musu ɗan abin taɓawa. Ana gane irin wuraren da jar fitilar takarda a ƙofa. Da ka zauna sai a miƙo maka ɗan jiƙaƙƙen tawul ka goge hannu, a ajiye maka ɗan abinci a ƙaramin kwano wanda ba ka nema ba, amma zai shiga lissafi. Daga nan sai a yi ta kawo abinci kaɗan-kaɗan ana ci tare: yakitori, watau naman kaza a tsinke da aka gasa a garwashi, tsire ke nan sak, da edamame, ɗanyen waken suya dafaffe da gishiri, wanda suke ɓarewa kamar yadda muke yi wa dafaffiyar gyaɗa.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne, su ma a jikin hanyar jirgi wuraren nan suka fi yawa. A unguwannin Shinbashi da Yurakuco, ƙarƙashin gadar da jirgi yake bi suke jere, kana cin nama rufin yana girgiza. Shinbashi kuwa daga nan ne jirgin ƙasa na farko a Japan ya tashi zuwa Yokohama a 1872. Ma'aikatan ofis sukan tsaya a nan kafin su kama jirgin gida, babba da yaronsa a teburi ɗaya, a faɗi abin da ba a iya faɗi a ofis. Ni dai shayi na sha, na kuma yi ta tambayar abin da aka sa cikin kowane kwano, domin naman alade da giya suna shiga girkinsu da yawa.

A nan ne Kafanchan ta sha bamban da Tokyo. A can ɗaki ɗaya ya ishi kowa. A nan kuwa, da yake addini biyu ne suke zaune, dare ya rabu gida biyu. Akwai mashaya da gidajen burkutu, akwai wuraren da ake gasa naman alade, balle ma ga babbar kasuwar aladu ta Katsit da ke ci ran Alhamis. Abokina ya ce, "Can ba zan kai ka ba, kai ma ba za ka kai kanka ba. Amma nan, yankan Musulmi ne, ba giya, saboda haka da mu da ku duka muna iya zama." Sai na gane cewa bencin mai tsire shi ne tsakar gidan garin, wurin da ba sai wani ya bar addininsa a ƙofa ba kafin ya ci da maƙwabcinsa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san abin da garin ya gani. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi asarar rayuka masu yawa, aka ƙone kasuwar garin. Abokina ya ce tun daga sa'an nan mutane da yawa suka tashi daga unguwannin da aka haife su, kowa ya koma cikin nasa, har akwai yaran da suka girma ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da ɗan wani addini ba.

Mai tsiren yana jinmu, sai ya sa baki yana juya nama. Ya ce, "Alhaji, ai mu ne ma'aunin garin nan. Ran da aka sa dokar hana fita, namanmu ne yake fara lalacewa. In ka zo ka tarar da bencin nan mutanen unguwa ɗaya ne kaɗai a kai, to, akwai magana, ka koma gida da wuri. In kuwa ka gan shi kamar yau, ka kwana da minshari." Kowa ya yi dariya, amma ma'aikaciyar asibitin nan ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, gaskiya ya faɗa. Mu da muke karɓar waɗanda aka ji wa ciwo mun sani."

Da muka tashi sai aka shiga gardamar biya. Mutanen Japan sukan raba kuɗin daidai wa daida, kowa ya ba da nasa. A nan kuwa abokina ya riƙe mini hannu, wai baƙo ba ya biya a garinsu, muna cikin haka sai mai shayi ya ce direban nan ya riga ya biya namu ya tafi. Ko sunansa ban sani ba.

A kan hanyarmu ta komawa muka bi ta gefen tashar jirgi. Shiru kake ji, ba usur, ba fasinja, gama jiragen da suka tara mutanen nan sun daɗe da daina zirga-zirga irin ta da. Sauran abin da ya rage na wancan zamani shi ne bencin nan da masu zama a kansa. Hukuma tana iya kawo sojoji, tana iya kafa kwamitin sulhu, amma ba ta iya sa mutum ya muskuta wa ɗan'uwansa a benci. Wannan aikinmu ne, mu talakawa. Saboda haka duk wanda hanya ta bi da shi Kafanchan, kada ya kulle kansa a masauki. Ya fita ya zauna cikin jama'a, ya sa hannu a takarda ɗaya da wanda bai sani ba, gama zumunta a ƙafa take.

Allah ya zaunar da Kafanchan da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, amin.