"Ina Rasit?": Abin da Muka Gani a Watannin SIWES a Ofishin Odita

Rubutun wannan mako na ƙannenmu ne masu karatun akanta a jami'a da foliteknik, waɗanda ke ta tambaya ko ya dace su nemi yin SIWES a kamfanin masu binciken kuɗi, wato odita. Mu da muka bi ta wannan hanya a wani matsakaicin kamfani a Kano, ga abin da idonmu ya gane mana.

Hukumar ITF ce ta kafa shirin SIWES a 1973, domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin a ba shi takardar shaida. Da yawanmu mun ɗauka za mu je ne mu zauna cikin sanyin iyakwandishan, mu cike littafin aikin kullum, a sa mana hannu. Makonni biyun farko kuwa ba mu san komai ba sai injin hoto da abin huda takarda da jera fayil. Har wasu suka fara guna-guni. Daga baya ne muka fahimci cewa jera fayil ɗin ma karatu ne, domin wanda bai san inda kowace takarda take kwana ba, ba zai gane ranar da ɗaya ta ɓata ba.

Aikin farko na gaske shi ne bin bauca. Za a miƙa maka littafin kashe kuɗin wani kamfani, a zaɓo layi arba'in ko hamsin daga cikin dubbai, a ce ka nemo shaidar kowanne. An rubuta an sayi man dizal na naira dubu 800. To ina rasit? Wa ya amince a saya? Wa ya karɓi man a sito? Kuɗin ya fita daga banki da sunan wa? Idan duk sun dace, ka sa 'yar alama da jan biro, ka wuce. Idan ɗaya ta ƙi, ka rubuta. Haka ake yini. A aji mun saba a ba mu lissafi a shirye mu warware. A nan kuwa lissafin yana cikin kwali, wani rasit ɗin ya sha manja, wani tawadarsa ta goge.

Sai daidaita littafi da takardar banki. Littafin kamfani ya ce akwai miliyan 12, banki ya ce miliyan 14. Wanda bai sani ba sai ya ce an yi sata. Sau da yawa kuwa an rubuta wa wani cak ne ranar 29 ga Disamba, shi kuma bai kai banki ba sai cikin Janairu. Ko banki ya cire cajinsa, akawun kamfani bai shigar ba tukuna. A nan muka koyi riƙe baki. Ba kowane giɓi ne ɓarawo ya haƙa ba, kuma kalmar "sata" ba ta fita daga bakin ɗan koyo. Namu mu rubuta cewa wannan bai dace da wancan ba, mu kai wa na gaba da mu.

Amma inda aikin ya fi shiga jikinmu shi ne ƙirgar kaya ta ƙarshen shekara. Yawancin kamfanoni suna rufe littafi ranar 31 ga Disamba, saboda haka a tsakiyar hunturu, lokacin da abokanmu ke hutu, mu muna cikin sito a Sharada ko Bompai ko Challawa, ƙura ta mai da gashin idonmu fari. Buhunan shinkafa masu kilo 50 an jera su kamar gini. Ana ƙirga tsawo da faɗi da bisa: 20 sau 10 sau 15, buhu 3,000 ke nan. Babban da ke jagorantarmu ya ce kada mu kuskura mu rubuta sai ɗayanmu ya hau sama ya leƙa, domin ana iya jera bango huɗu a bar tsakiya fayau. Ya kuma sa mu karɓi lambar takardar ƙarshe ta shigar kaya da ta fitar kaya a ranar, saboda kada tirelar da ta iso 2 ga Janairu ta tsinci kanta cikin lissafin Disamba.

To a nan ne gizo ke saƙar. Mai kula da siton dattijo ne, sa'an mahaifinmu. Ya tarbe mu da fara'a, ya aika a sayo mana shayi da burodi, yana ce mana "'ya'yana". Da muka zo layin ƙarshe sai ya ce, "Haba 'ya'yana, wannan jiya na ƙirga da kaina, 600 ne cif, ku rubuta kawai mu tafi sallah." Mu kuwa an raine mu a kan cewa ba a ƙaryata babba, ba a ma haɗa ido da shi. Ka ce za ka sake ƙirgawa, kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Amma takardar da ke hannunmu tana cewa mun gani da idonmu mun ƙirga, kuma sunanmu ne a ƙasanta.

Abin da ya fitar da mu shi ne muka ɗora laifin a kan aiki. "Baba, wallahi mun yarda da kai, amma idan muka koma ba mu ƙirga ba, oga zai dawo da mu gobe, mu sake wahalar da kai." Ya yi dariya, ya sa yaransa suka taya mu. Aka ƙirga, 600 ne cif kamar yadda ya faɗa. Kowa ya tashi da mutuncinsa. Kuma ƙirgar ta zame masa kariya, domin ko gobe wani ya zarge shi, akwai takardar baƙi da ke shaidarsa. Tun daga ranar muka daina ganin tambayar "ina shaida?" a matsayin rashin kunya. Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka umarta da hakan a tsakaninsu.

Wani abin da muka yi ta cin karo da shi shi ne aljihun Alhaji da asusun kamfani sun zama ɗaya. Kuɗin makarantar yara, gudunmawar biki, kujerar Umara, duk daga asusun kamfani, an kuma shigar da su a matsayin kuɗin gudanarwa. A wurin mai dukiya babu laifi, kayansa ne. Amma a doka, da zarar ka yi wa kamfani rajista a CAC, ya zama mutum mai zaman kansa, dukiyarsa daban da taka. Irin wannan cakuɗa ce ke sa a yi shekara ana ciniki ba a san ko riba ake ci ko uwar kuɗi ba. Ita ce kuma ke sa idan mai gida ya kwanta dama, magada su rasa inda za su kama, gidan kasuwanci ya watse kafin a yi shekara uku. Duk wanda ya taso a kusa da Kantin Kwari ko Singa ya san irin wannan labari.

Game da wahala, ba za mu ɓoye muku ba. Daga Janairu zuwa Yuni aiki yake tsananta, saboda kamfanin da ya rufe littafi a Disamba yana da wata shida ya miƙa bayanansa ga hukumar haraji. Akwai ranakun da magariba da isha duk a ofis muka yi su. Ɗan abin da ake ba mu kuwa da ƙyar yake isar kuɗin adaidaita sahu. 'Yan uwanmu mata sun fi jin jiki, domin sai sun yi ta bayani a gida kan dalilin dawowar dare. Mai niyyar shiga ta zauna da iyayenta tun da wuri, ta kuma yi magana da shugaban tawaga kan lokacin tashi. Mun ga an duba uzurin waɗanda suka yi haka.

Akwai kuma amanar baki. Za ka ga albashin kowa, ka ga bashin da banki ke bin mutumin da gari ke yi wa kallon hamshaƙi. Ba a kai wannan majalisa, ba a ɗauki hotonsa a waya, ko mahaifiyarka ba ka faɗa wa. Haka batun ambulan. Wata rana za a bi ka har bakin mota da "ga na mai". A al'adarmu mayar da hannun kyauta baya abin kunya ne, amma wanda ka ci nasa, gobe idonka ba zai iya ganin giɓinsa ba. Ka yi godiya, ka ce dokar ofis ta hana, ka kuma sanar da na gaba da kai.

Ga mai shirin zuwa: ka koyi Excel tun kafin ka je, domin a can ake yini. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta duk abin da aka nuna maka, kada a nuna maka abu ɗaya sau uku. Ka yi tambaya, wanda ya ɓoye jahilcinsa a wannan aiki shi ke jawo wa tawaga aikin dare. Idan kana da burin jarrabawar ICAN, cibiyar da aka kafa a 1965, ko ta ANAN, watannin nan za su sa abin da ke cikin littafi ya zama abin da ka taɓa da hannu.

A cikinmu akwai wanda ya fito ya ce shi da odita har abada, akwai wanda ya koma bayan hidimar ƙasa, akwai wanda ya je ya gyara littafin shagon mahaifinsa, ya buɗe wa shagon asusu daban. Babu wanda ya ce ya yi asarar lokacinsa.

Waɗanda suka yi nasu a banki ko ma'aikatar gwamnati, muna son jin yadda ta kaya a wajenku. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa wa karatun ƙannenmu albarka. Sai mako mai zuwa idan rai ya kai.