Neman Wuta a Tsakiyar Ruwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, mutanen ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada suka wayi gari da tafkin da kakanninsu ba su sani ba. Su ya zama sana'a. Galibin masunta da filafili suke tuƙi, amma akwai masu injin da ake ɗaurawa a bayan kwalekwale. Kawuna yana cikinsu, kuma a wurinsa na koyi ɗan abin da zan faɗa a nan.

Injinsa tsohuwar Yamaha ce, irin wadda ake gauraya mata fetur da baƙin mai. Ba ta da batir. Wutarta daga maganaɗisun da ke cikin faifan ƙarfen nan na samanta take fitowa: in an ja igiya faifan ya juya, kwayil ya tara wuta, waya ta kai ta ga fulogi. Saboda haka in ta ƙi tashi, tambayar farko ita ce, mai ne babu ko wuta?

Kawu ba ya taɓa kafireta sai ya ga wuta da idonsa. Yakan kwance fulogi, ya mayar masa da hularsa, ya jingina shi da gangar inji nesa da fetur, ya ce, "Ɗana, yi mini inuwa da rigarka, ka ja." Shuɗiyar wuta mai ƙara lafiya ce. Ja-ja mai sanyin jiki kuwa, ko da ta fito a fili, ba lalle ta kama a cikin inji ba.

In babu wuta sam, daga mai araha yake farawa. Ya sauya fulogi, domin yawan baƙin mai yakan toshe bakinsa. Ya bi waya da yatsa yana neman tsagewa ko tsatsa. Sa'an nan ya cire wayar maɓallin kashe inji, wanda aikinsa shi ne zubar da wuta a gangar inji. In wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, to, inji a kashe yake kullum, mai shi bai sani ba. Na ga wani makanike ya sa masunci sayen sabon kwayil da kuɗin kifin kwanaki, alhali wannan 'yar waya ce ta yi laifin. A ganina ba rashin sani kaɗai ne ya kawo haka ba.

Kwayil yana da nasa hali. Yakan yi aiki da sanyin safiya, in ya ɗau zafi ya ɗauke, in ya huce ya dawo. Wannan shi ne mugun ciwo, gama sai an yi nisa da gaɓa yake nuna kansa, watakila ga hadari ya taso daga gabas, ga kifi yana jiran kasuwa.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ranar da farfela ta bugi kututture a ƙarƙashin ruwa, can wajen da kogin ke shigowa daga dajin Falgore. Ga mai, ga shuɗiyar wuta, inji kuwa sai tari da harbin igiya. Kawu ya yi shiru, ya ciro faifan sama. Ashe ɗan ƙarfen da ke riƙe faifan da sandar inji, wanda bai kai farcen yatsa ba, shi ne ya gutsure, faifan ya goce kaɗan. Wutar tana nan, sai dai ba ta zuwa a kan lokacinta. Bai yarda a cusa ƙusa a madadinsa ba, domin karyewar ɗan ƙarfen ce ta ceci sandar. Kwana biyu muna tuƙi da filafili kafin a kawo wani daga Kano.