Kaki Ba Albashi

Yaron da ya tashi a Sabon Garin Zariya ko a Samaru yakan san soja tun kafin ya san baƙi da wasali. Daffon sojan ƙasa yana nan tun 1924, kuma har yau ana horar da kurata a cikinsa. A 1954 aka buɗe makarantar yara ta soja, wadda a 1960 ta zama Makarantar Sojan Nijeriya, inda su Joe Garba da Tunde Idiagbon da David Mark suka fara koyon fareti. Ga barikin Basawa daga gefe. Ga Kwalejin Barewa, wadda ta yaye Yakubu Gowon da Murtala Muhammad kafin su sa kaki. In ka miƙo hanyar Samaru kuma, ga 'yan Man O' War na Jami'ar Ahmadu Bello suna gudun asuba suna waƙa.

Don haka tara yara a ƙungiyar kadet ba abu ne mai wuya ba a garin nan. Busa usur ranar Asabar a filin makaranta, kafin hantsi layi ya cika. A shekarun da na yi ina shugabantar irin wannan ƙungiya, a gefen aikina na koyarwa, ba yara ne suka fi hana ni barci ba. Manya ne, wato mutanen da ke tsayawa gaban yaran suna ba da umarni. A cikin waɗanda na yi aiki da su akwai malamin firamare, akwai tsohon samanja da ya yi ritaya, akwai tela, akwai akawu a jami'a, akwai ɗan acaɓa, akwai ma'aikaciyar jinya. Ba wanda ake biya ko kwabo. Kowa ya bar shimfiɗarsa da sanyin hunturu ya zo saboda ya ga dama.

Wannan ganin dama shi ne abin da sabon shugaba ke saurin mantawa. Kurtun Daffo ya sa hannu a takarda, yana da albashi, in ya ƙi bin umarni akwai gadirum, akwai kotun soja. Ɗan sa-kai ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan a kansa. In ka daka masa tsawa ba zai yi musu da kai ba, zai ma sara maka. Asabar mai zuwa sai ka ji an ce ya tafi ɗaurin aure Giwa, ta gaba kuma wayarsa a kashe. Ba takardar ajiye aiki, ba sallama. Na ga shugabannin da suka zo da halin bariki tsantsa suka wayi gari kafin ƙarshen zangon karatu daga su sai usur ɗinsu.

Na taɓa halartar faretin wata ƙungiya inda wani malami ya yi kuskuren umarni, ya ce a juya hagu alhali dama ya kamata, layuka suka ci karo, yara suka fashe da dariya. Babbansu ya tako daga inda yake, ya tsaya gaban malamin, ya wanke shi tas a gaban ɗalibansa. Ina kallon fuskar mutumin nan. Bai ce uffan ba, sai dai ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana murza ta. Ran Litinin waɗannan yaran ne zai shiga aji ya koya wa lissafi. Me ya rage masa a idonsu? Ni dokata ita ce ba a gyara wa babba a gaban yara, sai fa in lafiyar yaro ce ke cikin haɗari. In an tashi fareti mu zauna ƙarƙashin dogon yaro, a sayo ƙosai da koko, a nan za a ce, "Malam, wurin nan da an yi kaza." Mutum ya ji, ya gyara, mutuncinsa na nan.

Kuma mutuncin ba a filin fareti kaɗai ake kiyaye shi ba. Wanda ya ba ka Asabar ɗinsa kyauta yana da haƙƙi a kanka ranar da matarsa ta haihu, da ranar da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibitin Shika, da ranar da ya yi rashi. Ka je da ƙafarka. Waya ba ta wadatarwa. Mutanen da suka daɗe tare da ni, in ka bi diddigi, ba lacca ce ta riƙe su ba, zumunci ne.

Sai batun kuɗi, wanda ya rusa ƙungiyoyi da yawa da na sani. Iyaye suna kawo kuɗin ɗinkin kaki da na zango, wani mai hali ya ba da gudummawa, sai a ji shiru. Ko da shugaba bai taɓa ko sisi ba, muddin ba a karanta lissafi a fili ba, raɗe-raɗin "oga ya cinye" zai fara, kuma in ya fara ba ya tsayawa. Littafi ɗaya, a hannun wanda ba shugaba ba, a karanta shi gaban kowa duk ƙarshen wata. Ban da wannan, shugaba ya buɗe ido ya san wanda zuwansa ke jawo masa asara. Ɗan acaɓan da ya ajiye babur da safiyar Asabar cefanen gidansa ya ajiye. Ba zai taɓa faɗa maka ba, kunya ba za ta bar shi ba. In akwai ɗan abin da ƙungiya ta ware na kuɗin mota, a miƙa masa a keɓe.

Inda babu albashi kuwa, muƙami shi ke zama albashi. Rigimar igiya da anini ta fi kowace rigima cin lokacina. Wane ya riga wane shigowa amma an ba wane igiya uku. Wane yana da digiri, ta yaya zai sara wa tela? Telolin kasuwar Sabon Gari kuma duk abin da ka ce su ɗinka maka a kafaɗa za su ɗinka. Shi ya sa za ka ga ƙungiyar da yaranta ba su cika aji biyu ba amma tana da Kanar da Birgediya. Wannan abin yana zubar da ƙimar aikin a idon sojojin gaske, waɗanda muke buƙatar su aro mana masu koyarwa. A ganina muƙamai su zama kaɗan, kuma kowanne a ɗaure shi da aiki: wannan shi ke riƙe da sito, wannan shi ke da rajistar yara, wannan ita ke da akwatin magani. In mutum ya ajiye aikin, ya ajiye igiyar.

Kaki yana da giya, kuma ba kowa ke iya ɗaukarta ba. Akwai wanda da zarar ya sa sai ya ƙi biyan kuɗin mota, ko ya je karɓo wa abokinsa bashi, ko ya tsaya a Kwangila yana ba direbobi hannu ba wanda ya sa shi. Lokacin zaɓe kuma 'yan siyasa su zo neman a ba su "yaranku" su tsare musu taro. Dokar ƙasa ta hana farar hula shigar soja ba da izini ba, kuma rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kan haka. Mu ba sojoji ba ne, ba 'yan sanda ba ne, ba 'yan banga ba ne. Kaki daga gida zuwa fili, daga fili zuwa gida. Ɗan siyasa kuwa a ba shi haƙuri, ko nawa ya ajiye.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. Da yawa daga cikin masu zuwa sa-kai mutane ne da suka so shiga soja Allah bai nufa ba. Sun nemi Daffo, sun nemi makarantar hafsoshi ta Kaduna, ba a dace ba. Akasarinsu su ne mafi himma, kuma ina girmama su. Amma akwai 'yan kaɗan da ke zuwa da ɗacin ransu su sauke shi a kan 'ya'yan mutane. Su ne masu sa yaro ɗan shekara goma sha uku tsallen kwaɗo a ranar watan Afrilu, ko birgima a taɓo, ko kallon rana, suna cewa horon soja ne.

Wata safiya wata mata mai sayar da kayan miya a kasuwar Samaru ta zo mini riƙe da hannun ɗanta. Ta sa ya naɗe wandonsa. Gwiwoyin nan duk sun saluɓe, tsakuwa ta shiga naman, ga shi yana ɗingishi. Laifinsa ya makara, kuma ya makara ne don ya tsaya ɗaukar mata kaya zuwa rumfa. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, na ba ku shi ne ku gyara mini, ban ce ku karya mini shi ba. Shi ke nan gare ni namiji."

Wanda ya yi wannan aika-aika shi ne ya fi kowa iya fareti a cikinmu, shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya. An riga an taɓa ja masa kunne a keɓe. Na je gidansa da yamma, muka zauna a zaure, na gaya masa ba zai ƙara tsayawa gaban yara ba; in yana so ya riƙe sito, bismilla. Kashegari masu ban baki suka fara sintiri. Wannan ya ce a yi haƙuri, yaro ne mai ƙoƙari. Wancan ya ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce musu gaskiya ne, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfin tsiya ɓalla shi yake yi. Haƙurin da ya bayar na karɓa, kuma har yau muna gaisawa. Gaban yara dai bai koma ba. Duk lallashin da na ce a yi wa ɗan sa-kai, iyakarsa ke nan: jikin yaro da mutuncinsa. Mun yi makonni faretinmu ba kyan gani bayan tafiyarsa, kuma ban ga asara a cikin hakan ba.

Akwai kuma abin da mutanenmu ke jin nauyin faɗa, amma dole a faɗa. In za a kwana a zango, babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, kowane ne shi, komai furfurarsa, har da ni. 'Yan mata suna hannun mata, in ba a sami mace babba da za ta je ba, to 'yan mata ba sa zuwa. Kowane yaro ya kawo takardar yardar iyaye, a rubuta in yana da sikila ko asma ko farfaɗiya. A Ingila, inda ƙungiyar kadet ta soja ke tafiya a kan manya 'yan sa-kai, sai an binciki tarihin mutum a hukumance kafin a bar shi da yara. Mu irin wannan bincike bai zauna mana ba tukuna, amma muna da mai unguwa, muna da liman da fasto, muna da maƙwabta. Kafin ka ba mutum kaki, je unguwarsu ka tambaya. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, amma doka ba ta zuwa zango da tsakar dare. Shugaba ne ke can.

Samaru da Sabon Gari kowa da kowa ne: Bahaushe, Bayarabe, Ibo, Tibi, Nufawa, mutanen kudancin Kaduna. Haka ma'aikatana suke. Ba ma sa aiki lokacin sallar Juma'a, ba ma sawa da safiyar Lahadi, da azumi kuma a rage gudu a ƙara darasin taswira da agajin gaggawa. Mu da muka ga abin da ya faru a garin nan a 1987 da 2011 mun san amfanin yaro ya ga samanja Kirista da malami Musulmi suna cin abinci a kwano ɗaya. Wannan ya fi duk wata lacca da za a yi masa a kan zaman lafiya.

Manya ma suna buƙatar horo, kuma suna jin daɗi in aka tuna da su. Cibiyar horar da shugabanci da Alec Dickson ya fara a 1951 a gaɓar Man O' War ta ƙasar Kamaru, wadda ke da sansani a duwatsun Shere kusa da Jos, manya aka fara kafa ta domin su. In an sami dama a tura mutum, ko a gayyato 'yan Red Cross su koya musu ɗaurin karaya da tsayar da jini. Mu kuma dubi 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da sauran ƙungiyoyin addini, da Boys' Brigade na coci-coci, mu ga yadda suka yi shekara da shekaru suna riƙe mutane ba albashi. Sannan shugaba ya san lokacin ja da baya. Yaran da suka yi kadet suka girma suka dawo, su ne magada. A bar su su ja fareti tun kana da ƙarfin zama a gefe ka ba da shawara.

Ku kuma iyaye, roƙona gare ku ke nan. Kada ku tsaya ga biyan kuɗin kaki kawai. Ku zo fili wata Asabar ba tare da sanarwa ba, ku tsaya ku kalla. Ku tambayi sunan wanda ke horar da ɗanku, da unguwarsu, da wanda ke samansa. In yaro ya dawo da rauni ko ya fara ƙin zuwa ba dalili, ku zaunar da shi ku ji, sannan ku zo ku same mu.